Yadda manyan motoci ke ratsa Tenere da lodi: tambaya ga masana hanyar Agadas

Sabon Direba:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na wannan zaure. Akwai tsofaffin hotuna da ke yawo na manyan motocin Marsandi masu gajeren hanci, an lafta musu kaya har ba a ganin bodi, jarkoki na reto ta kowane gefe, mutane kuma a zaune a can sama. An ce daga Agadas suke tashi su nufi Dirku har Libiya, wasu su bi ta Arlit zuwa Tamanrasat. Ta yaya motar da ba ta kai na yanzu ƙarfi ba take ratsa rairayi da irin wannan lodi? Me ake tanada kafin a tashi, kuma me ya fi lalacewa a hanya? Don Allah a yi mana dalla-dalla.

Alhaji Na-Agadas:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara raba hanyoyin, don kowace da irin wahalarta. Mai tasowa daga Kano yakan bi Daura, ya ƙetare iyaka a Kongolam, ya wuce Matamai zuwa Damagaram, wajen kilomita 240 ke nan. Daga nan Tanut, Aderbisinat, sai Agadas, wajen 450. A Agadas hanya take rabuwa.

Ta arewa ita ce ta Aljeriya. Kilomita kamar 240 zuwa Arlit, a kan hanyar uraniyom da aka shimfiɗo daga Tawa a ƙarshen shekarun 1970, kuma a zamanin waɗannan motoci a Arlit kwalta take ƙarewa. Sai fili fetal wajen kilomita 200 zuwa Asamaka, inda duwan ɗin Nijar, wato kwastan, suke, a tsallaka In Gezzam, a ƙara wasu 400 zuwa Tamanrasat. Yau Aljeriya ta kawo kwalta har In Gezzam, amma a da tsakanin nan akwai rairayin Lawuni, wanda gawarwakin motoci ne ke shaida wa direba cewa ya iso shi.

Ta gabas ita ce ta Kawar, yankin Dirku da Bilma, da kuma Libiya. Agadas zuwa Dirku wajen kilomita 650, babu kwalta ko taku ɗaya. Farko duwatsu ne da busassun ƙoramu na gindin Abzin, har a wuce Turayat, sannan a faɗa Tenere, hamadar rairayin da ke gabas da Abzin. Ruwa sai a rijiyoyi ƙalilan, irin Espuwar da Ashegur. Bayan Dirku sai Segedin, Dawo Timmi, Madama, Tummo, a shiga Gatrun, a sauka Sabha. Mota mai cikakken lodi takan ci kwana uku zuwa biyar kafin Dirku idan babu abin da ya karye. In an samu matsala kuwa, mako biyu ba abin mamaki ba ne.

Kuma ka cire maganar ƙarfin inji daga ranka. Iskar taya, jeren kaya, da lokacin da aka zaɓa aka shiga rairayin, su ne ke fitar da mota.

Oga Bakanike:
Allah ya ƙara girma, Alhaji. Bari in ɗora a kan motar kanta. Lambar da ke jikin Marsandi ba ado ba ce. Lambobin farko nauyin mota ne da kayanta a tan, biyun ƙarshe ka ƙara musu sifiri ka sami dokin inji. 911, wadda muke ce wa roka, a asali tan 9 ce doki 110. 1113 tan 11 doki 130. 1924 tan 19 doki 240. 2624 mai aksul uku tan 26 doki 240. Ƙananan na ɗauke da injin OM 352 mai silinda shida, lita 5.7, manyan kuma OM 355, lita 11.6. Jamus ta fara ƙera mai gajeren hanci a 1959, ta ci gaba da yi wa ƙasashen waje har 1995, sannan ANAMMCO ta Inugu ta riƙa haɗa Marsandi daga farkon shekarun 1980. Shi ya sa kayan gyaranta suka cika kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma babu garejin da za ka shiga daga Kano zuwa Sabha a ce ba a san ta ba.

Abin da ya sa ta dace da hamada shi ne famfon injektanta, Bosch mai jere, ƙarfe zalla, babu na'ura a cikinsa. Da inji ya tashi, ko cajin ya mutu zai ci gaba da aiki. Duk abin da ya lalace ana iya kwance shi da sifana a kan tabarma.

Baba Mai Roka:
Kada a bar Berliet, motar Faransa, a baya, don ita ta riga Marsandi suna a wannan ƙasa. A 1959 zuwa 1960 kamfanin ya fito da ayarin motocinsa masu jan ƙafa shida daga Janet, suka ratsa Tenere har Fort Lamy, wato Injamena ta yau, suna kafa alamomin ƙarfe a hanya. Bayan an haɗe Berliet da Renault, masana'antar Aljeriya ta Ruwiba ta ci gaba da fitar da motoci a kan samfurinta, su ne da yawa daga cikin waɗanda ke saukowa Asamaka da dabino. Wata alamar kuma ba ƙarfe ba ce, bishiya ce guda ɗaya tal a tsakiyar Tenere, da ayarin raƙuman Bilma da motoci duk suke saiti da ita. Babbar mota ce ta buge ta a 1973. Kututturen yana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Sabon Direba:
Na gode, iyayena. Alhaji ya ambaci iskar taya. Nawa ake ragewa, kuma ba ta fashewa da irin wannan nauyi?

Mai Faci Damagaram:
Yauwa ƙanena, nan ne fagenmu. A daidaita ma'auni tukuna: a Nijar da kilo muke auna iska, ku kuma da lambar geji, kilo 1 kusan 14 ne a gejinku. Tayar 12.00 mai wili 20, a kan kwalta da lodi, tana ɗaukar kilo 7 zuwa 8, wato 100 zuwa 115. Ka shiga rairayi da wannan iskar, tayar ta zama wuƙa, yanka za ta yi ta nutse har aksul ya zauna. A bakin rairayi ake tsayawa a sauke zuwa kilo 3 da rabi ko 4. In an riga an kafe, a sauko zuwa 2 da rabi, har a fita kawai. Tafin tayar ba faɗi yake ƙarawa sosai ba, tsawo yake ƙarawa, ya kwanta a kan rairayi kamar tafin raƙumi.

Fashewa kuwa tana fashewa, amma ba ragin ne ke fasa ta ba, gudu ne a kan ragin. Gefen taya na lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, ya ɗau zafi, zaren ciki ya rabu da roba. Da kilo 3 kada a wuce kilomita 20 zuwa 25 a awa. Duk tsayawa yaron mota ya zaga ya ɗora bayan hannunsa a gefen kowace taya. Wadda hannu ya kasa jurewa, a jira ta huce.

Ɓarna ta biyu ba a ganin ta sai ta gama. In iska ta yi ƙasa aka kuma taka totur da ƙarfi, wili na juyawa a cikin taya, ya ja tif, ya tsinke bawul daga tushe. Wannan ba faci, sai sabon tif. Maganinsa a ja layin fenti daga wili zuwa gefen taya kafin a tashi. Layin ya goce, a ƙara iska.

Sai kuma mayar da iskar, inda lalaci ke cin tayoyi. Da an fito daga laushi an doshi duwatsu dole a cika, in ba haka ba dutse ya tsaga gefe. Daga tankin iskar birki ake ja da doguwar tiyo, inji na aiki, kuma taya goma na iya cin fiye da awa guda. Direban da ya ce bari mu lallaɓa, kilomita goma ne kawai, shi ne ke isa Dirku babu safaya ko ɗaya.

Baba Mai Roka:
Duk daidai ne, amma ka faɗi lambobin kamar tayar ɗaiɗai ce. Yawancin motocin nan tagwayen taya ne a baya, kuma tagwaye suna da iyaka. Ka rage da yawa, cikinsu ya haɗu suna gogar juna, su ƙone tare. Dutse ma na maƙalewa tsakaninsu ya ci gefe biyu lokaci guda. A tagwaye, ma'aunin shi ne a ga haske tsakaninsu a ƙasa. In yatsu ba sa shiga, ragin ya wuce.

Mai Faci Damagaram:
Shi ya sa masu hali suke komawa ɗaiɗai, Baba, 14.00 mai wili 20. Tayar baya na bin sawun da ta gaba ta riga ta danne. Tagwaye kuwa sabon sawu suke buɗewa, suna tura rairayi a gabansu kamar garma.

Baba Mai Roka:
Ban musa ba, ɗana, sai dai tagwaye na da abin da ɗaiɗai ba ta da shi. Ɗaya ta fashe, ɗayar ta kai ka inda ƙasa take da ƙarfin ɗaukar jak. Sannan akwai dabarar gungume: dogon icce mai kauri, ko bututun ƙarfe, a cusa shi a kwarin da ke tsakanin tagwayen, su kama shi su hau kamar jirgi a kan dogo. Yara biyu kowanne da nasa, mota ta wuce su ɗauko su ruga gaba su sake cusawa. Da wannan motoci masu jan baya kaɗai suka yi shekaru suna ƙetare Tenere.

Alhaji Na-Agadas:
Tunda an zo kan kafewa, ga yadda ake yi bi da bi, don a nan ne sabon hannu ke kashe mota.

Giya ana zaɓen ta ne tun kafin a shiga laushi. Ka ga rairayi ya sauya launi, ko sawun motocin gaba ya yi zurfi, ka sauko giyar da za ta kai ka ƙarshe, ka riƙe totur wuri ɗaya. Taka kuloci a tsakiya daidai yake da taka birki, mota za ta tsaya cak. Birki ma ba a takawa a rairayi, don yana tara tudu a gaban kowace taya. A sake totur ta tsaya da kanta, in da hali hancinta na kallon gangara.

Da ka ji taya ta fara juyawa mota ba ta gaba, ka ɗaga ƙafa nan take. Kowane juyi na banza rami ne kake haƙa wa kanka. A fara gwada ribas a kan sawun da aka shigo, don an riga an danne shi. In ya ƙi, a sauko da mutane, a rage iska, a ɗau shebur. Ba gaban taya kaɗai ake haƙewa ba, a duba ƙarƙashi: muddin aksul ko tankin mai na zaune a kan rairayi, tayoyin ba su da nauyin kamawa. A yi wa kowace taya gangara mai tsawo, a miƙe sitiyari sak, sannan a cusa tol har bakinsa ya shiga ƙarƙashin taya. Tol ɗin nan faifan ƙarfe ne mai huji-huji, irin wanda aka shimfiɗa filayen jirgin sama da shi a yaƙin duniya na biyu, tsawonsa mita 3, nauyinsa wajen kilo 30. Huɗu ne mafi ƙaranci ga babbar mota. A ɗaura wa kowanne igiya, don mota na binne shi in ta wuce, kuma kowa ya kauce daga bayansa, yakan yi tsalle ya karya ƙafa.

Mota ta hau ta samu gudu, direba ba ya tsayawa sai ya taka ƙasa mai ƙarfi, ko da kilomita ɗaya ne. Mutane su biyo da tol a ka.

Oga Bakanike:
A ƙara da wannan, Alhaji. In mota ta fara tsalle a wuri ɗaya, bayanta na dukan ƙasa, a saki totur. Taya na tashi ta yi gudu a iska, ta dawo ta cafke ƙasa, wannan fizgar ita ke murɗe shaf ɗin aksul ta tsinke shi, wani lokaci har haƙoran difa. Shaf guda biyu, hagu da dama, ba sa fita daga cikin kayan motar hamada. Cire guntun da ya karye a ciki kuma sai an zare na ɗaya gefen an zura dogon ƙarfe an turo shi. Makullin aksul a sa shi mota na tsaye, ba taya na juyawa ba, a kuma cire shi da an hau ƙasa mai ƙarfi. Wasa da kuloci rabi da rabi a rairayi minti kaɗan ne faifan ya ƙone, kuma sauke giyabos a Tenere aikin kwana biyu ne da rami da igiya.

Hajiya Mai Dabino:
Sannunku da ƙoƙari, Alhazai. Hoton da yaron nan ya gani yana ruɗi. Tulin da ke sama yawanci katifu ne, barguna, buhunan tufafi da kayan masu dawowa gida, ba su da nauyin da ido ke ba su. Nauyin yana ƙasa. Gangunan gas a tsaye a gaba, jingine da allon bayan direba, tsohuwar taya a ƙarƙashinsu, a ɗaure da sarƙa. Buhuna masu nauyi a shimfiɗe tsakanin aksul na gaba da na baya, a saƙa su kamar ginin bulo, gefe da gefe daidai wa daida. Motar da nauyinta ya hau sama ko ya karkata, da ta ratsa gefen tudun rairayi sai ta kwanta.

Daga Aljeriya dabino ne, madarar gari, taliya da garin alkama. Daga nan kuma tumaki, raƙuma, lalle, kayan yaji, gero da gyaɗa, mafi yawa ta cinikin musaya da Aljeriya ta halatta wa jihohinta na kudu, irin wanda ake yi a kasuwar Asihar ta Tamanrasat. Daga Kawar gishirin Bilma, kanwa da dabino. Kada a kusanta dabino ko madara da gas, wari na shiga buhu, kaya sun faɗi a kasuwa ke nan. Kantun gishiri a naɗe shi da tabarmar kaba, in ba haka ba gargada ta mayar da shi gari. Jarkokin da ke reto a gefe na ruwan sha ne, kowa da tasa, an ɗinke su da buhun algarara, ana jiƙa buhun iska ta sanyaya ruwan. Kafin jarka salka ce ke wannan aiki.

Sabon Direba:
Hajiya, Allah ya saka. To gas da ruwa fa, yaya ake lissafinsu?

Oga Bakanike:
Motar da ke shan lita 35 zuwa 40 a kilomita 100 na kwalta, a lissafa mata 70 a wannan hanya, wurin laushi sosai ma ta haura. Kilomita 650 sau 70, a raba da 100, ya ba ka lita 455. Ka ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda ɓata hanya, kafewa da yoyo, ka tashi da 600, ganga uku masu lita 200. Kowace ganga cike ta kusa kilo 190, a sa wannan cikin lissafin lodi.

Gas ɗin ganga ba a zuba shi kai tsaye. A bar ganga ta zauna, ruwa da laka su kwanta, a zuƙa daga sama, a tace da kyalle mai kauri, a bar na gindin. Filtar gas a riƙe aƙalla huɗu. In an canza ta, ko tanki ya ƙafe, iska ta shiga layi: a sassauta ƙusar kan filta, a buga famfon hannu har kumfa ta ƙare gas ya fito zalla, a ɗaure, a yi haka a jikin famfon injekta. In har yanzu ya ƙi, a sassauta bututun nozul biyu ko uku a buga sitata kaɗan-kaɗan. Kada a yi ta bugawa har batir ya mutu, don babu mai tura tan 26 a rairayi. Batir biyun ma a ɗaure su tamau, gargada na tsinke kawunansu.

Filtar iska irin ta da mai kwanon baƙin mai ce. Kowace yamma a sauke kwanon, a kwashe lakar, a zuba mai daidai layi. Ya wuce layi, inji ya zuƙe shi ya yi ta gudu da kansa, ba ya jin a kashe. Ta takarda kuwa a hure ta daga ciki zuwa waje da iska mara ƙarfi, ba a buga ta a jikin taya.

Alhaji Na-Agadas:
Ruwa lita 5 ga mutum a rana da sanyi, lita 10 da bazara, kuma a lissafa ninkin kwanakin da ake sa ran yi. Na lagireto daban, ganga guda, ba a taɓa shi don girki. A ɗebo shi tun daga Agadas, don ruwan Kawar na da gishiri da kanwa, yana toshe lagireto a hankali.

Wani abu da ba kowa ke lura ba: iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Mai zuwa Dirku yana fuskantar ta, inji na shan iska. Mai dawowa tana bin bayansa, yana tafe a giyar ƙasa, gudunsa daidai da nata, babu abin da ke ratsa lagireto sai abin da fanka ta ja. A nan allurar zafin inji ke hawa. In ta hau, a juya hancin mota ya kalli iska, a bar inji a silo ya huce. Ba a kashe shi, ba a buɗe murfi, ba a kuma zuba ruwan sanyi a injin da ke tsaye da zafi, kan silinda zai tsage.

Baba Mai Roka:
Shi ya sa tsofaffin direbobi suke cire tamostat, bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, gaba ɗaya. Ruwa ya yi ta zagayawa babu mai tare shi, abu ɗaya da zai iya maƙalewa ya ragu.

Oga Bakanike:
A nan kam ban bi ka ba, Baba, a gafarce ni. Tamostat ba ƙofa ɗaya yake tsaro ba. In ya buɗe hanyar lagireto, yana rufe gajeriyar hanyar da ke mayar da ruwa cikin inji. Ka cire shi ka bar waccan a buɗe, wani kaso na ruwan zai riƙa kewayawa a ciki bai ga lagireto ba, ga allura na nuna lafiya, silindar baya na dahuwa. Sannan daren hunturu a Tenere sanyi na kusan daskarar da ruwa. Injin da bai yi ɗumi ba ba ya ƙone gas sosai, ragowar ya wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai, zobban fistin su cinye da wuri. A gwada shi a tukunya kafin tafiya: ya buɗe wajen digiri 80. A riƙe sabo a akwati. In ya maƙale a hanya babu wani, to a cire, amma a toshe gajeriyar hanyar.

Baba Mai Roka:
Maganar toshewar na karɓa. Masu cirewar da suka san aiki dama suna toshewa. Amma a ce motar da aka cire wa ba ta kai Sabha, wannan tarihi bai yarda ba.

Mai Faci Damagaram:
Ba a taɓo gargada ba, alhali ta fi rairayi karya mota. Ita ke kwance yubol, ƙarfen da ke ɗaure sifirin a jikin aksul. Yubol ya yi sako-sako, ganyen sifirin su fara motsi, santabol, ƙusar tsakiyar sifirin, ya tsinke, aksul ya ja baya ta gefe ɗaya, mota ta riƙa tafiya a karkace. Kowace safiya a bi yubol da notin taya da dogon sifana. Uwar sifirin ta gaba da ta baya a ɗauki safaya. In babu, a ɗaga shasi da jak, a cusa guntun katako mai tauri tsakanin aksul da shasi, a naɗe da sarƙa da yankakken tif, a lallaɓa. Jak kuma sai da faffaɗan katako a ƙarƙashi, in ba haka ba shi zai nutse, motar na nan inda take.

Injiniya Ƙarami:
Iyayena, da girmamawa, kamar ana fifita tsohuwar mota fiye da kima. MAN da Renault Kerax masu jan ƙafa shida suna da doki wajen 400, wasu daga cikin kujera direba ke rage iska ya ƙara. Ga GPS, ga wayar Thuraya mai aiki da tauraron ɗan'adam. Abin da ake yi a kwana biyar yanzu ana yin sa a ƙasa da haka.

Oga Bakanike:
Gaskiyarka ta fuskar gudu, ƙanena, kuma Thuraya ta ceci rayuka, babu mai ja. Matsalar gas ce. Injin zamani na tura gas da matsi mai tsanani ta ƙofofin da suka fi gashi siranta. Ruwa cokali kaɗan ko ƙurar ganga sun isa su kashe nozul, kuma ba a gyara su a kan tabarma. Waya ɗaya ta tsinke a gargada, kwamfutar mota ta rage ƙarfi, kana tsakiyar laushi. Mai shiga da sabuwa ya ƙara filta mai raba ruwa kafin ta asali, ya riƙe na'urar karanta matsala, ya kuma san wanda zai kira. Tsohuwa jinkiri take jawowa, sabuwa in ta tsaya sai an kawo kaya daga gari.

Malam Mai Takardu:
Bari in taɓo fannin takardu. A zamanin waɗannan motoci, tsakanin Najeriya da Nijar ana neman lasisi, takardun mota, takardar izinin shigar mota ta wucin gadi daga duwan, katin rigakafin shawara, da katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka amince da shi a Kwatano a 1982. Wannan kati ba ya aiki a Aljeriya ko Libiya, sai an yanki inshorarsu a iyaka. Lambar shasi da ta inji su dace da abin da ke takarda harafi da harafi. Wanda ya sauya inji bai gyara takarda ba, a iyaka zai kwana. A kan kwalta kuma akwai dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, mai lamba 14 ta 2005: aksul ɗaya mai tagwayen taya tan 12, tirela mai aksul shida tan 51 gaba ɗaya.

Tafiya cikin ayari da rakiyar soja ta kafu ne da tawayen 1990 zuwa 1995, ta ƙara tsanani a na 2007 zuwa 2009 da aka dasa nakiyoyi. A wancan lokacin ayarin Dirku ranar Litinin yake fita daga Agadas. Daga baya Hilux ta ƙwace fasinja daga manyan motoci, zinariyar Jado ta 2014 ta ƙara cunkoso, dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure ta kori direbobi da yawa daga babbar hanya zuwa ɓoyayyun sawu marasa rijiya, har aka soke ta a Nuwamban 2023.

Sabon Direba:
Saura guda biyu, iyayena. Da dare ake tafiya ko da rana? In mota ta mutu gaba ɗaya kuma fa?

Alhaji Na-Agadas:
Rairayi ya fi ƙarfi daga asuba zuwa hantsi, sanyi da ɗan raɓa sun kama shi. Wuri mafi laushi a ajiye shi sai wannan lokaci. Daga azahar zuwa la'asar a kwanta a inuwar mota, taya da inji su huta. Bayan la'asar a ci gaba. Tafiyar dare tana da sauƙi ga inji, amma fitila na shafe tudu da kwari, launin laushi ba ya fitowa, alama na iya wucewa ta gefe ba a gani ba. Sai a sawun da aka sani sarai, kuma ba mota ɗaya ba. In guguwa ta taso a tsaya, a juya wa iska baya, a toshe bakin filtar iska.

Mota ta mutu, ba a barin ta. Ita ce inuwa, ita ce kuma abin da mai nema zai hango daga nesa. A tattara ruwa hannun mutum ɗaya, a riƙa rabawa da ma'auni, a daina motsi da rana. Da rana a ƙona tsohuwar taya, baƙin hayaƙinta na tafiya nesa. Da dare wuta ko fitila. Ruwan lagireto da aka zuba wa maganin sanyaya inji guba ne, shi ya sa masu hamada ke zuba ruwa zalla. A Oktoban 2013 mutum 92, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su arewa da Arlit bayan motocinsu sun lalace, an kuma tsinci gawarwakinsu a warwatse. Allah ya jiƙansu da rahama. Kafin a tashi, a sanar da wani a tasha hanyar da za a bi da ranar da ake sa ran isa.

Mai Faci Damagaram:
Amin, Alhaji. Ƙanena, tunda faci a hanya da hannunku za ku yi, ka kula da wilin da, mai zoben ƙarfe. A zare ƙwayar bawul iska ta fita tas kafin a taɓa zoben. Wajen haɗawa a goge tsatsa da rairayi daga kwarinsa, a shafa wa tif hoda, a tabbata bai naɗe ba. A kifa tayar zoben na kallon ƙasa, ko a tura ta ƙarƙashin mota, ko a zagaye ta da sarƙa wuri biyu. A ba ta kilo 1, a tsaya a duba zoben ya zauna ko'ina, sannan a cika daga nesa da doguwar tiyo, kowa a gefe. Zoben da ya lanƙwashe ko ya tsage a jefar da shi, ba a miƙe shi da guduma.